Tsohon Karen da ke Rufin Hajja

A sanyin shekarar 2013 muna zaune a unguwar Abbasiya ta birnin Alƙahira, a ɗakin da ke can saman rufin wani tsohon bene, inda matattakala take ƙarewa ta bar mutum da sararin sama. Ɗaki ɗaya ne da ɗan kicin da bayi. Sauran filin na tankunan ruwa ne da igiyoyin shanya da kejin kajin mai benen. Mijina, wanda nake kira Malam kamar yadda abokansa suke kiransa, yana karatun fiƙihu a unguwar Madinat Nasr. In ya fita bayan sallar asuba, ba na sake ganinsa sai rana ta yi sanyi. Ni kuwa Larabcina bai wuce na sayen tumatir ba, don haka a saman nan nake wuni, ni da kaji da hayaniyar garin da ke tasowa daga ƙasa kamar tururin tukunya.

Mai benen tsohuwa ce 'yar ƙasar, kowa a layin Hajja yake ce mata, tana zaune a hawan ƙasa. Gwiwoyinta sun daina hawan bene tun kafin mu zo, amma kajinta suna sama, kuma tana ji da su kamar jikokinta. Kullum da hantsi sai ta leƙo ta tagar tsakar bene ta ɗaga murya, "Ya binti, 'yata, sun yi ƙwai?" Ni nake zuba musu dusa da ruwa, in sa ƙwan a kwandon da ke ɗaure da igiya in zura mata ƙasa, ita kuma ta mayar mini da shi da gurasa mai zafi. Kusan duk hirar da nake yi a wuni ke nan.

Sai irsa ta gano mu. Wata siririyar dabba ce mai kama da tunku, tana yawo a Alƙahira kamar ubanta ne ya gina garin, ta bi bututun ruwa ta hau kowane bene. Da safe sai in tarar da kaza kwance an tsinke mata wuya. Da abin ya yi yawa, Hajja ta yi kukanta ta share hawaye, ta kira 'yar ƙanwarta, likitar dabbobi ce, mu Daktora muke ce mata. Ita tana taimakawa a wani gida da ake tara karnukan titi, can bayan Giza wajen gonaki.

Wata Juma'a da hantsi na ji haki a matattakala. Na buɗe ƙofa, sai ga Daktora ta rungumo kare. Rungumo fa, a ƙirjinta, bakinsa yana gogar mayafinta. Na ja da baya har na taka kwanon dusa, na ce a'uzubillahi, na juya wajen Malam da Hausa.

"Malam, gaya mata ba a nan ba. Mun baro Zariya mun zo ƙasar ilimi don a haɗa mu kwana da kare?"

"Ki yi haƙuri," in ji shi, yana gyara hula. "Rufin nasu ne. Kuma na tsaro ne, shari'a ba ta hana ba."

"Wannan ne na tsaro? Shi kansa wa zai tsare shi?"

Ta ajiye shi a ƙasa. Karen gida ne irin na titunansu, ruwan ƙasa, dogayen kunnuwa, ɗaya a tsage. Bakinsa duk furfura, farar yana ta rufe masa ido ɗaya, ƙafar baya ta hagu kuma ba ya taka ta sosai. Bai yi haushi ba, bai kalli kowa ba. Ya ɗan shinshina iska, ya ja jiki ya shige lungun da ke tsakanin babban tanki da bango, wurin da ko tsintsiya ba ta kaiwa.

Daktora ta yi bayani, Malam yana fassara mini. Shi ne mafi tsufa a gidan nasu. Shekarun baya aka tsinto shi a titi da karyayyar ƙafa, tun lokacin kuma babu wanda ya taɓa nuna shi ya ce yana so. Yanzu ya daina ci a can, ƙananan karnuka suna ture shi daga kwano, shi kuma ya bar musu. Warinsa kaɗai ya isa ya hana irsa hawowa, ba sai ya yi gudu ba. In ya ci a nan, ya zauna, gida ya samu. In bai ci ba, dole ta mayar da shi keji inda za ta iya sa masa ruwa a jijiya. Ta kuma ce in ya koma can ba ta jin zai kai lokacin zafi.

Tun da Hajja ba ta hawa, ciyarwar a kaina ta faɗo. Daktora ta ce sau biyu a rana, a bar masa ruwa, kada a yi masa tsawa. Ba ta ce ga yadda ake ba shi ba, don bai taɓa faɗo mata a rai cewa akwai wanda ke bukatar a gaya masa ba.

A gidanmu na Zariya karen unguwa ba shi da kwano. In an gama cin tuwo sai a tsaya daga bakin zaure a jefa masa ƙanzo ko ƙashi, ya cafe, ya koma gindin bango ya ci abinsa. Haka na ga uwata tana yi, haka kakata. Wannan shi ne kirki ga kare a wajenmu, marar tausayi shi ne wanda ba ya jefawa. Don haka safe da yamma sai in tsaya a bakin ƙofar kicin, nesa da shi yadda ko inuwarsa ba za ta taɓa ni ba, in ɗaga hannu in wurga masa busasshiyar gurasa da ƙashin kaza. Ina wurgawa sai in ji ƙarar farcensa a siminti, ya ƙara shigewa ciki. In yi tsaki in ce, "Ka ji da shi, mai girman kan banza," in shige ɗaki. In na fito daga baya sai in ga babu komai a ƙasa, in ce ashe dai yana ci.

Kwanakin nan sun gauraye a kaina yanzu, ba na iya raba wannan da wancan. Da asuba wani farin hazo mai laima, wanda suke kira shabbura, yakan sauko ya cinye garin. Benaye su ɓace, sai kawunan hasumiyoyi suna shawagi, kiran salla yana zuwa daga ko'ina, wannan ladanin yana farawa wancan yana idarwa, har mutum ya rasa wanda zai amsa wa. In na fito alwala a cikin wannan farin, ba na ganin komai sai butata, amma ina jin numfashinsa a bayan tanki, a hankali, da ɗan gurnani irin na tsofaffi. Da rana mai sayen tsofaffin kaya ya wuce yana jan kiransa, mai gas ya bi bayansa yana buga ƙarfe a jikin tukunya. Da yamma masu tattabaru su hau dogayen akurkinsu na katako, suna kaɗa tuta, garken tattabaru yana kewaya sama, in ya juya ya yi fari, in ya sake juyawa ya yi baƙi. Nakan tsaya da tsintsiya a hannu har in manta abin da na fito yi. Wani lokaci sai in ga kamar rufin ya tsinke daga benen yana tafiya da mu, ni da kaji da wancan da ke numfashi a lungu.

Ban san ranar da na fara ce masa Tsoho ba. Na dai tsinci kaina ina cewa, "Tsoho, an tashi lafiya?" daga bakin ƙofa, kafin in wurga.

Da Daktora ta dawo duba shi, ta tsuguna ta jawo shi a hankali zuwa haske. Sai a lokacin na gan shi da kyau. Haƙarƙarinsa duk sun fito, ana iya ƙirga su daga inda nake tsaye, cikinsa ya manne da baya. Ta tambaye ni a hankali da Larabci mai sauƙi ko yana ci. Na ce yana cinyewa tas. Sai ta nuna mini kan bango da haɓarta. Wata ƙatuwar kyanwa ce zaune tana lasar hannu, ta yi ɓul-ɓul, kusa da ita ga wata.

Raina ya ɓaci, kunya ce ta koma faɗa. Na ce, "Wato ni ƙarya nake yi? Ni na ce a kawo shi?" Rabi da Hausa rabi da Larabci, har kaji suka tsorata. Ta bar ni na gama, ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ba ta ce laifina ba ne. Za ta tafi zagayen ƙauyuka, in ta dawo ƙarshen wata za ta zo da igiya. In har bai fara ci ba, khalas, shi ke nan, za ta mayar da shi keji.

Da ta sauka na zauna a bakin ƙofa na rasa abin da ke mini daɗi. Na ce wa kaina ina ruwana, ba nawa ba ne, a tafi da shi in huta da wankin siminti. Amma ƙarya nake yi. Ba na so ya mutu a keji. Na saba da numfashinsa, kuma a duk faɗin garin nan shi kaɗai ne yake wuni tare da ni bai taɓa gyara mini Larabci ba. Na ji tsoro ƙwarai, irin tsoron da mutum ke ji in an ce a zo asibiti da sauri.

Bayan kwana biyu, da la'asar, na jingina da katangar rufi ina kallon layi. 'Yan makaranta suna dawowa. Akwai wata karya da ke kwana a ƙarƙashin wata motar da ta mutu, ta fito tana shan rana. Ɗaya daga cikin yaran ya ɗaga hannu sama kamar zai yi jifa. Babu komai a hannun, na gani da idona, amma karyar ta kwantar da kunne ta ruga har tana karo da taya. Suka yi dariya suka wuce. Na ce Allah Ya shirye ku, na koma kicin don lokacin abincin Tsoho ya yi. Na ɗauko gurasa, na tsaya a wurina na kullum, na ɗaga hannu. Rana tana bayana, sai inuwata ta faɗa a jikin tanki, doguwa, hannu a sama da wani abu a dunƙule. Na ga Tsoho ya manna haɓa da ƙasa ya rufe idonsa mai gani, yana jira.

Hannuna ya tsaya a sama. Wallahi na daɗe a haka kamar an dasa ni. Ashe duk kwanakin nan, safe da yamma, jifansa nake yi. Shi bai san gurasa ba ce. Abin da ya sani, in mutum ya tsaya daga nesa ya ɗaga hannu, dutse ne ke tafe, ƙila ma irinsa ne ya karya masa ƙafa. Na sauke hannun a hankali.

Na kira Daktora a waya da guntun Larabcina, ina haɗawa da kwatance kamar tana ganina. Da ta gane sai ta ce, "Jefa masa kike yi?" Na ce haka ake yi a garinmu. Ta fara gaya mini a hankali, tana maimaita kowace magana har in ce tamam, wato na gane. In samo kwano guda ya zama nasa, in riƙa ajiye shi a wuri guda a lokaci guda, don tsohon kare yana samun natsuwa ne in ya san abin da zai faru. Kada in ba shi ƙashi ko busasshiyar gurasa, haƙoransa sun ƙare, in jiƙa gurasar da romo in sa 'yar hanta. Kada in tsaya a kansa, kada in kafe shi da ido. In zauna a ƙasa in ba shi gefen jikina, in yi wani aikin kamar ban san da shi ba. In ya matso in yi masa magana da murya mai taushi, ko wace irin magana ce, in ya ja da baya kuma kada in bi shi. Ta ce kada in yi gaggawa, abin da ya gani a duniya ya fi abin da zan koya masa yawa. Daga ƙarshe ta ce ranar da ya ci a tafin hannuna, ranar ya yarda ya zauna.

Na ce, "Hannuna? La, ya Daktora. Wannan kam a'a."

Da Malam ya dawo na ba shi labari, ina zuba masa shayi. Na ce komai zan yi, ban da yawun kare a jikina. Ya ajiye kofi, ya gyara zama irin na masu shirin ba da karatu. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. Wanke kwano sau bakwai da muka taso muna ji, umarni ne a kan kwanon da ya sha, ana bi don bauta. Wasu mazhabobin sun tsananta, kuma yawancin mutanenmu tsananin suka riƙe ba tare da sun san daga ina ya zo ba.

"To madalla," na ce. "Ga shi can bayan tanki. Je ka shafa masa kai."

Ya yi dariya, ya ce yana da bita.

"Kai fa in ya gilma daga nesa sai ka tattare rigarka har gwiwa. Duk babin nan da ka haddace."

"Sani daban," in ji shi, "sabo daban." Ya ɗauki littafinsa ya shige ciki, na bi shi da harara. Ni ma dai haka nake, na ji hukuncin na yarda, amma in na tuna harshen kare a fatata sai tsigar jikina ta tashi.

Washegari na fara. Na sami wani tsohon kwanon silba, na jiƙa gurasa da romon ƙafar kaza, na je a hankali na ajiye shi kusa da bakin lungun. Na shimfiɗa buhu a ɗan nesa, na zauna na ba shi gefe, na ɗora faranti a cinya ina tsintar shinkafa. Maguna suka zo, na kore su da ido da ɗan kaɗa zani, don ba dama in ɗaga hannu. Bai fito ba. Sai da na shiga kicin na ji ƙarar kwano a siminti. Na leƙa ta tsagar ƙofa, ga shi ya fito da rabin jikinsa yana lasa, yana ɗago kai bayan kowace loma. Loma kaɗan ya yi ya koma. Na ji daɗi har na rasa wanda zan gaya wa, sai na leƙa tsakar bene na ce wa Hajja ya ci. Ta ce alhamdulillah, kajin fa?

Haka muka yi ta yi. Kullum ina ɗan jawo buhun kusa, da tazarar da ba ta wuce tafin hannu ba. Ina tsintar shinkafa ina ba shi labarin Zariya: bishiyar mangwaron gidanmu, ƙanwata da ta haihu ban ga jaririn ba, yadda ƙamshin ƙasa yake in ruwan farko ya sauka. Da Hausa nake yi masa, kuma ya fi kowa a garin sauraro. Na lura in na sunkuya zan ɗauki wani abu a ƙasa sai ya zabura, don mai jifa sai ya sunkuya yake ɗaukar dutse. Sai na daina sunkuyawa a gabansa, na koma tsugunawa, ko tsintsiya zan ɗauka. Malam ya ce na koma tafiya kamar amarya a gidan surukai.

Wata rana na ɓata komai. Na shanya farar rigar Malam, iska ta yar da ita cikin kashin kaji, shi kuma ya fito yana tambayar ina rigarsa. Na buɗe murya na zazzage masa, har da buga bokiti. Da na juya, Tsoho ya koma can ƙuryar lungu, kwanonsa cike. Kwana biyu bai fito ba. Na zauna a buhu ina ba shi haƙuri kamar wata sakarya, ina cewa ba da kai nake ba, da wancan malamin nake. Daga ranar in faɗa ya taso mini sai in shiga ɗaki in rufe ƙofa in yi shi ƙasa-ƙasa. Malam ya ce Allah Ya saka wa karen nan da alheri.

A hankali ya dawo. Ya kai yana ci ina zaune kusa da shi, har ina jin ɗumin jikinsa a gefen ƙafata ba tare da mun taɓa juna ba. Da hantsi ya kan fito ya kwanta a rana gaban kejin kaji, idonsa a lumshe, kajin suna kallonsa ta waya. Irsa ba ta sake hawowa ba. Sai dai cin nasa kaɗan ne, loma huɗu ko biyar ya bari, kuma in ya ji takun wani a matattakala, ko na Malam ne, sai ya bar kwanon. Haƙarƙarin suna nan yadda suke. Ina kallonsu ina kallon wata yana ƙarewa.

Ranar Juma'a Daktora ta zo, bayan an sauko daga masallaci. Igiyar tana naɗe a hannunta. Tsoho ya shinshino warin gidan karnukan a tufafinta tun tana matattakala, ya shige bayan tanki. Na ajiye kwano a wurinsa, na zauna a buhu, ita da Malam suka tsaya a bakin ƙofa. Muka jira. Romon ya huce, maiƙo ya daskare a samansa. Hajja tana ta kira daga ƙasa tana tambaya ko ya ci.

Daktora ta leƙa lungun ta daɗe tana kallonsa. Ta ce ta yarda da ni, ta san na yi ƙoƙari, amma ƙashin bayansa ya fi wancan zuwan fitowa. A can aƙalla za ta sa masa ruwa. Ta fara warware igiyar.

Na ce ta dakata. Muryata ta fito da ƙarfi, na yi sauri na sassauta ta. Na ce su koma cikin ɗaki su bar ƙofa a buɗe. Malam ya kalle ni, ya ja baya, ita ma ta bi shi.

Na jawo kwanon gabana. Na naɗe hannun rigata, na tsoma yatsu cikin gurasar nan mai sanyi na ɗebo, da ɗan yankan hanta a kai. Na kwantar da bayan hannuna a kan siminti, a bakin lungun, tafin a buɗe, na juyar da fuskata wajen gari. Ranar babu hazo, sama wankakkiya, ana hango duwatsun gabas sun yi ja-ja, wani ya saki tattabarunsa da wuri suna ta kewayawa. Na kafe su da ido. Romo yana bin tsakanin yatsuna yana ɗiga. Na fara magana ƙasa-ƙasa, ban san me nake cewa ba, ina jin dai na ce, Tsoho ka rufa mini asiri, ka fito, in ka koma can mutuwa za ka yi.

Hannuna ya fara sagewa. Sai na ji farce a siminti, taku ɗaya, shiru, wani takun mai jan ƙafa. Iska mai ɗumi ta sauka a wuyan hannuna. Wani abu mai sanyi da laima ya taɓa babban yatsana ya janye. Na rintse ido, na cije leɓe, duk jikina yana cewa in fizge.

Sannan harshen ya zo. Ɗumi ne da shi, da taushi, ya kwashe gurasar a hankali kamar mai tsoron ya ji mini ciwo, na ji dasashinsa inda haƙora suka zube. Ban janye hannun ba. Ya lashe tafin, ya bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya yana jira. Na ɗebo wata da ɗaya hannun na zuba a tafin. Ya cinye. Na ƙara. Sai a lokacin na ji hawaye suna sauka a haɓata, ban kuma san na ƙyama ne ko na murna ba, ina jin duka biyun ne. Ya wuce loma biyar ɗin da ya saba, ya ci gaba, har na fara jin ƙasan kwanon da farcena.

A bayana na ji ƙarar zif, Daktora tana mayar da igiyar cikin jaka. Ta leƙa tsakar bene ta gaya wa Hajja a hankali, daga ƙasa kuma guɗa ta taso siririya, ta tsohuwa, Tsoho ya ɗaga kunne ɗaya bai daina ci ba.

Malam ya matso a kan yatsun ƙafa, rigarsa a tattare, da buta a hannu da sabulu. Ya tsuguna daga ɗan nesa, ya ce da ƙaramar murya, "Kawo hannun in zuba miki."

Na ce ya ajiye butar tukuna, bai gama ci ba.